Zobe a Ƙafar Waidawek

A shekarar 1942, Yaƙin Duniya na Biyu yana tsaka da ci, sojojin Amurka suka gamu da abokan gaba waɗanda ba sa cikin lissafin kowane janar. Jiragen yaƙin da ake ƙerawa a Amurka ana buƙatarsu a Masar da Gabas ta Tsakiya, hanyar da aka dogara da ita kuwa ta kudu ce: daga Natal ta ƙasar Brazil su tsallako Tekun Atlantika zuwa Accra, daga nan su bi ta Kano da Maiduguri su nufi Khartoum. Sai dai ƙananan jirage ba su da tankin da zai kai su daga gaɓa zuwa gaɓa. Dole a sami zango a tsakiyar ruwa, kuma a duk faɗin wurin babu inda za a sa ƙafa sai wani ɗan tsibirin Ingila mai suna Ascension. Injiniyoyin soja suka sauka a ƙarshen Maris, suka yi ta fasa dutse ba dare ba rana, a watan Yuli jirage suka fara sauka.

Ashe filin yana da masu shi. Ba a jima ba sai ga tsuntsaye sun dawo daga teku, dubun-dubata, suka sauka a ƙarshen titin jirgin, inda iyaye da kakanni suka saba yin ƙwai. Duk jirgin da ya tayar da inji sai su tashi gaba ɗaya su rufe masa gaba, matuƙi kuwa ya san abin da tsuntsu ɗaya kan yi wa farfela ko gilashi. An gwada hayaƙi, an gwada nakiya, tsuntsaye suka yi kunnen uwar shegu. Daga ƙarshe sojoji suka haƙura, suka aika gida a turo musu masanin tsuntsaye.

Tsuntsun bai kai tattabara nauyi ba, amma fiffikensa dogo ne siriri, wutsiyarsa a rabe biyu. Bayansa baƙi wuluk, cikinsa fari fat, da ɗan fari a goshi. Mutanen tsibirin suna kiransa waidawek, don haka kukansa yake faɗa musu a kunne, kuma daga gare shi filin jirgin ya samo sunan da yake amsawa har yau, Wideawake. Kusan duk rayuwarsa a sama yake yi. Gashinsa ba ya hana ruwa shiga sosai, saboda haka zama a kan teku ba nasa ba ne. Yana cikin tashi yake caftar ƙananan kifaye daga saman ruwa, galibi a inda manyan kifaye irin su tuna suka koro su sama. Ba ya taka ƙasa sai zai yi ƙwai, ƙwan kuma guda ɗaya ne tak, a kan tsurar ƙasa, babu ko tsinke na sheƙa.

Wanda aka turo shi ne James Chapin na gidan adana tarihin halittu da ke New York, mutumin da ya yi kusan shekara shida a dazuzzukan Kwango yana tattara tsuntsaye tun yana saurayi. Haƙurinsa sananne ne a cikin abokan sana'arsa. A 1913 ya ga wani gashi a hular wani mutumin Kwango, ya karɓa ya adana don bai san daga jikin wane tsuntsu ya fito ba. Bai daina nema ba sai a 1936, da ya tarar da mai gashin a ajiye a wani gidan tarihi na Beljiyam: dawisun Kwango ne, wanda masanan Turai ba su san da zamansa ba. Irin wannan mutum ba ya garaje. Ya zauna ya ƙare wa waidawek kallo, sannan ya ba sojoji shawarar da ba a zaci za ta fito daga bakin mai son tsuntsaye ba. Kada a ɓata harsashi a kan iyaye, in ji shi, a fasa ƙwan da ke kusa da titin jirgi, domin tsuntsun da aka yi wa haka yakan ƙaurace wa wurin ya nemi wani. Aka fasa ƙwai dubun-dubata, tsuntsayen suka matsa gaba, jirage fiye da 20,000 suka bi ta tsibirin kafin yaƙi ya ƙare.

Chapin ya koma gida da tambayar da ta fi ta sojoji daɗi. A Turai da Amurka, inda ilimin tsuntsaye ya girma, kowane tsuntsu da watansa: da zarar sanyi ya wuce, sai sheƙa. Mutanen Ascension kuwa sun gaya masa nasu ba su da tsayayyen wata, bana su zo a wannan lokaci, baɗi a wani. Sai ya nemi mazauna tsibirin su riƙa rubuta masa ranar da tsuntsayen suka dawo da ranar da aka ga ƙwan farko. Ya yi sama da shekara goma yana tara waɗannan ranaku. A 1954 ya buga sakamakon a mujallar Auk: waidawek na Ascension suna dawowa yin ƙwai duk bayan wata 9.6 a ƙirgar Bature, kusan wata goma cif a ƙirgar farin wata, wato sau biyar a cikin shekara huɗu. Wanda ya saba ganin azumi yana zagayawa daga bazara zuwa hunturu, daga hunturu zuwa damina, zai gane abin nan take, sai dai azumi da kwana goma sha ɗaya yake matsowa kowace shekara, waidawek kuwa da sama da wata biyu.

Amma akwai rami a lissafin. Chapin ya nuna cewa taron yana dawowa duk wata goma, bai nuna cewa tsuntsayen da suka tafi su ne suka dawo ba. Mai yiwuwa rukuni biyu ne ko uku suke karɓa-karɓa. A cikin tsuntsu dubu ɗari-ɗari masu kama ɗaya, waɗanda ko namiji da mace ido ba ya rarrabewa, ta yaya za a shaida guda ɗaya idan ya dawo?

Dabarar da ke amsa wannan ta wani malamin makaranta ce ɗan ƙasar Denmark, Hans Christian Mortensen na garin Viborg. A 1899 ya yanka 'yan zobba na alminiyam, ya buga wa kowanne lamba da adireshi, ya maƙala su a ƙafafun tsuntsayen garinsu. Bayan shekara goma aka kafa irin wannan tsari a Birtaniya. Lambar kowane zobe tasa ce shi kaɗai a duniya, adireshin kuma shi ke ba duk wanda ya tsinci tsuntsun, masunci ne ko yaro mai ɗana tarko, damar aika labari. Ɗan ƙarfen da nauyinsa bai taka kara ya karya ba shi ke mayar da tsuntsu daga ɗaya cikin taro zuwa wanda ke da tarihi: ga ranar da aka kama shi, ga inda aka kama shi, ga shekarunsa idan tun yana ɗan tsako aka sa masa.

A Ascension darajar zobe ta ninka, saboda halin wurin. Tsibirin aman dutse ne, faɗinsa murabba'in kilomita 88, nisansa da gaɓar Afirka kimanin kilomita 1,600, da Brazil kuma sama da 2,000. Tsaunukansa jajaye ne, filayensa baƙin dutse mai kaifi, sai dutse ɗaya mai tsawon mita 859 a tsakiya da ke samun hazo da ɗan kore. Da matuƙin jirgin ruwan Fotugal João da Nova ya gan shi a 1501 babu ɗan Adam ko ɗaya a kansa, har yau kuma babu wanda doka ta ba izinin zama na dindindin. Mutane kimanin 800 da ke can, yawancinsu 'yan tsibirin Saint Helena, aiki ne ya kai su: na sansanin sojan sama, na gwamnati, ko na tashar da BBC ta buɗe a 1966 don harba shirye-shiryenta zuwa Afirka. Mai sauraron Sashen Hausa a gajeren zango ya daɗe yana karɓar murya daga wannan tsibiri ba tare da ya san sunansa ba. Kowa da kwantiraginsa, idan ya ƙare ya tattara ya tafi. Waidawek kuwa yana iya haura shekara talatin. Tsuntsun ya fi mai binsa daɗewa a wurin, don haka duk abin da ba a rubuta ba, ba a kuma buga wa lamba ba, yana shiga jirgi tare da wanda ya gani.

Ƙungiyar masana tsuntsaye ta Birtaniya, wadda aka kafa a 1858, ta so bikin cikarta shekara ɗari ya zama aiki, ba liyafa kawai ba. Sai ta tura 'yar ƙaramar tawaga Ascension a ƙarshen 1957, suka yi wata goma sha takwas. Jagoransu Bernard Stonehouse ne, wanda ya yi suna a kan tsuntsayen ƙanƙara na kudancin duniya kafin a jefa shi cikin wannan zafi, tare da matarsa Sally. Cikin samarin da suka bi shi akwai Philip Ashmole daga Oxford, wanda aka ba waidawek, da Douglas Dorward, wanda aka ba manyan tsuntsayen nan masu nutso da ake kira bubi. Suka kafa sansani a Mars Bay, a kudancin tsibirin, kusa da mattarar waidawek.

Aikin sanya zobe ba shi da kyan gani. Mai yinsa yana shiga cikin taron tsuntsaye da koma mai dogon mariƙi, ƙarar kuka ta hana shi jin abokinsa da ke gefe, iyaye suna kai masa sara a ka, kashi yana sauka a kafaɗa da kan littafi, kaska tana hawa ƙafa, baƙin dutse yana cin takalmi. Kowane taku sai ya duba ƙasa, don ƙwan mai ɗigo-ɗigo ne, ya saje da tsakuwa. Idan ya kifa komar a kan tsuntsun da ke kwanci, sai ya riƙe shi fukafukai a naɗe, ya zura zoben a ƙwauri, ya matse da filaya ta musamman har bakin biyu su haɗu daidai. Idan ya bar giɓi, zare ko ƙaya za su maƙale a ciki. Idan ya matse fiye da kima, ƙafa ta kumbura. Sannan ya auna fiffike da rula, ya sa tsuntsun a 'yar jaka ya rataya a sikeli, ya faɗi lambar da ƙarfi mai rubutu ya maimaita masa. Duk wannan cikin 'yan mintoci, domin ƙwan da aka bari a buɗe rana tana dafa shi. Kuskuren lamba ɗaya kuwa ya isa ya mayar da tsoho yaro a cikin littafi, kuma ba za a gane ba sai bayan shekaru, idan ma an gane.

Wannan shi ne sauƙin aikin. Wahalarsa tana wani ƙaton dutse da ake kira Boatswainbird, kimanin mita 300 daga gabashin tsibirin, tsayinsa wajen mita 100, gefensa a tsaye, samansa fari fat da kashin tsuntsaye. A shekarun 1920 wani kamfani ya yi ta haƙar wannan kashi yana sayarwa a matsayin taki. Babu inda kwale-kwale zai jingina a jikinsa, sai dai a jira igiyar ruwa ta ɗaga shi mutum ya yi tsalle ya kama. 'Yan tawagar sukan yi kwanaki a kansa, ruwan sha da abinci duk sai an jawo da igiya. Abin da ya kai su shi ne kusan duk sauran tsuntsayen tekun Ascension a nan suka cunkushe, har da shirwar teku, baƙin tsuntsun nan mai faɗin fiffike kusan mita biyu da ke ƙwace kifi a bakin wasu, wanda namijinsa ke hura jan maƙoshi idan yana neman mace. Irin nata na Ascension, wadda masana ke kira Fregata aquila, babu inda take haihuwa a duniya a lokacin sai kan wannan dutse ɗaya.

Me ya kore su daga babban tsibiri, ga fili iya ganin ido? Amsar tana ƙarƙashin ƙafar masu binciken. Duk inda suka bi a filayen da babu tsuntsu ko ɗaya, sai su ga tsohon kashi ya shafe duwatsu, ga ƙasusuwa a cikin ramuka. A wasu ramukan Ashmole ya tono ƙasusuwan wani ɗan tsuntsu mara tashi, wanda matafiyin Ingila Peter Mundy ya gani da rai ya kuma zana a 1656, daga baya ya ƙare ƙaf. Ɓeraye sun riga kowa sauka, daga jiragen ruwa. A 1815, da aka kai Napoleon zaman ɗaurin talala a Saint Helena, Ingila ta girke sojoji a Ascension don kada Faransawa su mayar da shi matattakalar kuɓutar da shi. Sojojin suka tarar da ɓeraye, suka kawo kuliyoyi. Kuliyoyi suka duba ɓera mai gudu da cizo, suka duba tsuntsun da ke zaune kan ƙwai wanda bai taɓa sanin abin tsoro a ƙasa ba, suka zaɓi mai sauƙi. Cikin 'yan shekaru gomomi babban tsibiri ya zama kufai.

Kusan waidawek kaɗai ne ya tsira a can, kuma kalandarsa ce ta cece shi. Yana zuwa da yawan da ya fi ƙarfin cikin kuliyoyi, ya yi kwanci kusan kwana talatin, ya yi renon kusan wata biyu, sannan ya ɓace cikin teku gaba ɗaya na watanni. A wannan tsakani yunwa takan rage kuliyoyin. Bubi da shirwar teku, da ake samunsu a gida kusan duk shekara, ba su sami wannan sarari ba.

Sakamakon tawagar ya fito a mujallar Ibis a 1962 da 1963, kuma har yau ana komawa gare shi. Dorward ya nuna cewa farin bubi yakan yi ƙwai biyu amma ɗa ɗaya yake renawa, domin wanda ya riga ƙyanƙyashewa yakan ture ƙanensa waje iyaye suna kallo. Ya kuma ga cewa farin yana bin shekara, ɗan'uwansa mai ruwan ƙasa kuwa kusan duk wata takwas yake komawa. A kan waidawek, Ashmole ya kawo bayani mai ma'ana: a tekun da ba shi da rani da damina na a-zo-a-gani, babu watan da ya fi wani abinci, don haka tsuntsu ba shi da dalilin jira. Ya gama reno, ya sake gashi gaba ɗaya, ya dawo, jimillar lokacin kuwa wajen wata goma ce. Babban tunaninsa kuma ya fito ne daga ganin 'yan tsaki suna mutuwa da yunwa alhali teku ta kewaye su. Ya ce tsuntsayen da suka taru wuri ɗaya suna cinye kifin da ke kusa da gida, sai iyaye su riƙa yin nisa, har nisan ya kai inda ɗan tsako ba zai iya jira ba, kuma wannan ne ke taƙaita yawansu. Masana suka riƙe maganar, suka raɗa mata sunansa, amma shaidar ido a tekun wurare masu zafi ta yi wuya. Sai a 2021 wasu masu bincike suka buga ƙirgar kifi mai tashi da suka yi daga jirgin ruwa a kewayen Ascension ɗin nan, suka ga lallai yana raguwa idan an doso tsibirin. Kusan shekara sittin tsakanin hasashe da tabbaci.

Abin da wata goma sha takwas ba zai iya bayarwa ba shi ne labarin 'ya'ya. Ɗan waidawek idan ya tashi ba ya dawowa yin ƙwai sai bayan shekara biyar ko fiye. Ina yake zuwa? Hasken farko ya zo ne daga wani wuri, tsibiran Dry Tortugas da ke kusa da Florida, inda William Robertson da masu taimaka masa suka yi ta sanya wa irin wannan tsuntsu zobe, dubu bayan dubu, tun daga 1959. Wasiƙun da suka fara dawo musu da lambobin ƙananan tsuntsaye daga gaɓar Afirka ta Yamma suka fito, daga yankin Tekun Gini. A 1969 Robertson ya buga labarin a mujallar Nature: ɗan tsuntsun da aka ƙyanƙyashe a Amurka yana tsallake Atlantika tun bai cika shekara ba, ya yi ƙuruciyarsa a ruwan da masuntan Ghana da Najeriya da Kamaru ke jefa taru. Rabin wannan bincike, in za a yi adalci, na waɗanda suka tsinci zoben ne suka ɗauki wahalar aika wasiƙa, ko da yake ba sunansu ke kan takardar ba.

A Ascension kuwa aikin ya yi ta yankewa bayan 1959, wannan ya zo ya tafi, wancan ya zo ya tafi. Waɗanda suka ɗinke shi sojoji ne, abin da ya dace da tsibirin da sojoji suka fara zama. Rundunar sojan Birtaniya tana da ƙungiyar masu sha'awar tsuntsaye, kuma jirgin sojan sama da ke zuwa tsibiran Falkland yana yada zango a Wideawake. Daga 1990 'yan ƙungiyar, masu aiki da masu ritaya, suka riƙa zuwa a kai a kai, suna daidaita tafiyarsu da zagayen tsuntsun. Tarbiyyar bariki ta yi rana a nan, domin ƙidaya ba ta son mai dabara sabuwa kullum, tana son wanda zai yi abu ɗaya, hanya ɗaya, shekara ashirin. Sukan zagaye iyakar mattarar su auna faɗinta, su ƙirga ƙwai a cikin ƙananan da'irori da aka san girmansu, su ninka. Sauran lokacin kuma su bi sahu a hankali, ido a kan ƙafafu, suna neman ƙyallin ƙarfe. Zobban yanzu na ƙarfe ne mai tauri, don an koyi darasi cewa ruwan gishiri da gogar dutse suna cinye alminiyam tun tsuntsu bai tsufa ba. Ɗaya daga cikinsu, John Hughes, ya bi aikin har ya sami digirin dakta a Jami'ar Birmingham. Da lambobin da suka tara ne shi da James Reynolds da abokansu suka rufe ramin Chapin a 2014: tsuntsu ɗaya, mai lamba ɗaya, shi ke dawowa zagaye bayan zagaye, ba karɓa-karɓa ake yi ba.

Ana cikin haka aka waiwayi kuliyoyi. Ashmole, wanda ya koma tsibirin da furfura tare da matarsa Myrtle, yana cikin waɗanda suka dage a kan cewa za a iya kawar da su. Ƙungiyar kare tsuntsaye ta RSPB ta ɗauki aikin da kuɗin gwamnatin Birtaniya, aka fara a 2002 da tarko da guba. Ba a taɓa gwada haka a tsibiri mai wannan girma da mutane ke zaune a kansa ba, kuma an ji jiki: duk da rajista da fiɗiya da aka yi wa kuliyoyin gida, fiye da kashi ɗaya cikin uku nasu sun ci gubar sun mutu, masu su kuma ba su ji daɗi ba. An ga kyanwar daji ta ƙarshe a 2004, aka yi shelar kammalawa a 2006. Bubi bai jira shela ba, tun ana cikin aikin ya fara sauka a babban tsibiri. Shirwar teku ce ta yi taurin kai har ƙarshen 2012, lokacin da aka ga sheƙarta a gabashin tsibirin, karo na farko cikin kusan shekara 180.

Da labarin ya tsaya a nan da ya yi daɗin bayarwa, amma littattafan sojojin ba su yarda ba. Iyayen waidawek sun huta da kuliyoyi, gaskiya ne, sai dai ɓerayen da aka kawo kuliyoyin dominsu tun 1815 sun sami sarari, suka koma cin 'yan tsaki. Ga kuma tsuntsun maina, ɗan asalin Indiya da aka shigo da shi a ƙarni na 19, yana bin gefen mattara yana huda ƙwai, har wanda ba zai sha ba. Yawan waidawek bai yi tsallen da aka sa rai ba. Wanda ya zo ziyarar mako ɗaya ya ga sama ta yi duhu da fukafukai zai rantse komai lafiya, mai ƙirga iri ɗaya tun 1990 ne kaɗai zai iya cewa a'a.

Dalili mafi nauyi a teku yake. A 2019 Reynolds da abokansa suka buga wani bincike da suka yi da gashin waidawek na Ascension da ke ajiye a gidajen tarihi tun ƙarshen ƙarni na 19, suka gwada shi da na tsuntsayen yau, domin sinadaran gashi suna riƙe da alamar abin da tsuntsu ya ci. Suka haɗa da abin da sojojin suka rubuta na aman da tsuntsu kan yi idan an kama shi, wanda mai sanya zobe ke tsana a hannunsa amma yake murna da shi a littafi. Sakamakon ya nuna kifi ya ragu a abincinsu, sun koma cin halittun ruwa marasa maiƙo irin su sikwid, har da dodon koɗi da fara. Yawansu kuma ya faɗi da kashi 84 cikin ɗari, daga miliyoyi a tsakiyar ƙarnin jiya zuwa kimanin 350,000. Masu binciken sun ɗora zargi a kan manyan jiragen kamun tuna da kuma ɗumamar teku. Idan tuna ta ragu, babu mai koro ƙananan kifaye sama, tsuntsun da ba ya nutso kuwa ba shi da wata hanya.

Yanzu zobe ya sami abokin tafiya, wata 'yar na'ura da ake ɗaurawa a jikinsa, mai rubuta lokacin fitowar rana da faɗuwarta kowace rana. Daga tsawon yini da lokacin tsakar rana ake lissafa inda tsuntsu yake. Ba ta aika saƙo, sai an sake kama mai ɗauke da ita a cikin dubban ɗaruruwa, wato tsohon aikin nan na koma da haƙuri bai canja ba. Waɗanda aka samu sun nuna cewa tsakanin haihuwa da haihuwa waidawek ɗaya yana cin tafiyar sama da kilomita 40,000, kwatankwacin zagaye duniya, yana yin nisan dubban kilomita daga gida.

A 2019 gwamnatin Ascension ta ayyana duk ruwanta, kimanin murabba'in kilomita 445,000, a matsayin yankin da aka hana manyan jiragen kamun kifi. Babban mataki ne, ya kuma haɗa da wuraren kiwon bubi. Sai dai iyakarsa ba ta wuce kilomita 370 daga gaɓa ba, taswirar na'urorin kuma ta nuna waidawek yana yin yawancin watanninsa a can waje, a ruwan da ba na kowa ba. Mai faɗa a ji a wannan ruwa ita ce hukumar ƙasa da ƙasa mai kula da tunar Atlantika, ICCAT, mai hedikwata a Madrid, kuma kaso mai yawa na tunar da ake kamawa a wannan yanki a tashoshin Tema da Abidjan da Dakar ake sauke shi. Hukumar tana da dokoki a kan tsuntsayen da ƙugiya ke kamawa bisa kuskure. Rabon tuna kuwa da tan ake yinsa, ƙasa-ƙasa, kuma ba a cire wa waidawek komai a ciki.